Runduna ta 3 ko ta 81: wacce ɗalibin tarihin soja zai ɗauka?

Duk ɗalibin da ya ce zai rubuta aikin kammala digiri a kan yadda Birtaniya ta tsara rundunar sojan ƙasa a Yaƙin Duniya na Biyu, shawarar farko da malaminsa zai ba shi ita ce ya kama runduna guda, ya bi ta tun daga kafuwarta har ƙarshen yaƙi. Shawara ce mai kyau. Rundunonin suna da yawa, wanda kuma ya ce zai rungume su duka, jerin lambobi da sunayen janar-janar kawai zai tara. Abin da ya rage shi ne wacce za a kama. Guda biyu nake son ajiyewa gabanka. Ta farko Runduna ta 3, ta Turawa zalla, wadda ta sauka gaɓar Nomandi a Faransa ranar 6 ga Yuni 1944. Ta biyu Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a Najeriya cikin Maris 1943, ta yi yaƙi da Japan a kwarin kogin Kaladan na ƙasar Boma, wadda yau ake kira Myanmar. Sarki ɗaya suka yi wa yaƙi, littafin horo ɗaya aka karanta wa hafsoshinsu, amma yadda suka ci, suka yi tafiya, suka yi faɗa, ya sha bamban ƙwarai.

Ƙashin ginin ɗaya ne, kuma dole ka riƙe shi da ka ko da wacce ka zaɓa. Manjo Janar ne a sama. Ƙarƙashinsa akwai birged uku, kowace a hannun Birgediya. Kowace birged tana da bataliya uku, kowace bataliya a hannun Laftanar Kanar, mutum ɗari takwas da ɗoriya. A tsarin 1944 bataliya tana da kamfani huɗu na masu bindiga, kowane kamfani rukuni uku na mutum 37, kowane rukuni kuma an raba shi gida uku, mutum goma-goma ƙarƙashin kofur, da bindigar Bren guda ɗaya wadda ita ce ƙarfin wutarsu. Daga nan ne hanya ta rabu.

Runduna ta 3: ƙarfe, taya da igwa

Cikakkiyar rundunar Birtaniya ta 1944 mutum 18,347 ce a takarda, da motoci sama da 3,000. A farkon yaƙi, 1939, ba ta kai 14,000 ba. Ƙarin da aka samu ba na masu bindiga ba ne, na masu igwa ne da direbobi da makanikai da masu sadarwa. Yi lissafi da kanka: bataliya tara, kamfani 36, kowane kusan mutum 127. Wato waɗanda aikinsu shi ne su miƙe su tunkari abokin gaba da ƙafa ba su wuce 4,600 ba, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Sauran kashi ukun suna nan ne don su kai waɗannan wurin faɗa, su ciyar da su, su buɗe musu hanya da wuta, su kwashe su in sun ji rauni.

Abin da ya fi ba wannan runduna kwarjini shi ne igwa. Tana da rejimanti uku na manyan bindigogi, kowace da igwa 24 masu harsashin laba 25, jimla 72, kowace tana cin nisan kilomita 12. Akwai wata rejimanti mai igwa 48 ta fasa tankar yaƙi, da wata mai bindigogin Bofors na kakkaɓo jirgin sama. Akwai bataliya guda ta bindigogin Vickers 36 da igwogi 16 masu bakin turmi, waɗanda ke cilla bam sama ya faɗo bayan tudu. Akwai rejimantin leƙen asiri mai motoci masu sulke, da kamfanonin injiniyoyi masu kwance nakiya da ɗora gada, da rukunin asibitin fagen daga guda uku, da makanikan da aka ware musu reshensu na kansu a Oktoba 1942.

Ba yawan igwar ne abin mamaki ba, yadda ake haɗa wutarsu ne. Wani ƙaramin hafsa, kyaftin, yana tafe tare da kamfanin da ke gaba, rediyo a bayan yaronsa. In ya hango abin da ya isa, yana da ikon kiran igwa 24 na rejimantinsa su sauke wuta wuri ɗaya, in abin ya fi haka ya nemi duka 72, kuma cikin 'yan mintuna harsashi ya fara sauka. Sojojin Jamus sun fi jin tsoron wannan a kan kowane abu na Birtaniya. Ɗalibin da ya fahimci wannan sarƙa, daga idon kyaftin zuwa rediyo zuwa teburin lissafi zuwa bakin igwa zuwa motocin da ke jigilar harsashi dare da rana, ya fahimci dalilin da ya sa ake haɗa mutum dubu goma sha takwas ƙarƙashin janar ɗaya.

Tarihinta ma a shimfiɗe yake. Janar Bernard Montgomery ne ya jagorance ta a Faransa a 1939 da 1940, ta tsira ta tashar ruwan Dunkirk lokacin da aka kwashe sojojin Birtaniya daga Faransa, ta zauna Ingila shekara huɗu tana horo. Ranar 6 ga Yuni 1944, ƙarƙashin Manjo Janar Tom Rennie, ta sauka a gaɓar da aka laƙaba wa suna Sword, an ɗora mata kama birnin Caen a ranar. Gaɓar ƙunci gare ta, birged ɗaya kaɗai ke iya sauka a lokaci guda, don haka ta 8 ta fara, ta 185 ta biyo, ta 9 ta zo ƙarshe. Teku ta cika fiye da yadda aka zata, rairayin ya matse, tankokin da za su ɗauki sojojin birged ta 185 suka maƙale cikin cunkoso, sojojin suka kama hanya da ƙafa. Wani sansanin Jamusawa na ƙarƙashin ƙasa da ake kira Hillman ya riƙe wata bataliya har magariba, rundunar tankoki ta 21 ta Jamus kuma ta kawo farmaki da la'asar. Na gaba-gaba suka tsaya kusan kilomita biyar da Caen. Ba a shiga arewacin birnin ba sai 9 ga Yuli. A wannan yini guda kana iya nuna wa mai karatu ƙarfin tsarin da rauninsa: runduna mai dogaro da taya, in hanya ta toshe, duk ƙarfenta ba ya amfanar da ita. Rennie ya ji rauni mako guda bayan sauka, Lashmer Whistler ya karɓa, ya kai ta Holan har birnin Bremen na Jamus a Afrilu 1945. Whistler ɗin nan shi ne ya zama babban kwamandan sojojin Afirka ta Yamma daga 1951 zuwa 1953.

Akwai kuma darasi mai ɗaci. Kashi ɗayan nan cikin huɗu, masu bindiga, su suka kwashi mafi yawan mutuwa da rauni. Kafin 1944 ta ƙare Birtaniya ta rasa mutanen cike gurbi, har ta rusa Runduna ta 59 a Agusta, ta janye ta 50 a ƙarshen shekara, aka rarraba sojojinsu cikin sauran.

Runduna ta 81: kai da jirgin sama

Janar George Giffard, wanda ya daɗe yana aiki da sojan Afirka, shi ne ya dage cewa sojan Afirka ta Yamma zai iya shiga inda mota da alfadari ba za su iya ba. A kan wannan tunani aka gina ta 81. Manjo Janar Christopher Woolner ya fara riƙe ta. Alamarta baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, ɗan'uwan Gizonmu. Birged uku gare ta kamar kowa: ta 3 mai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Rejimantin Najeriya, ta 5 mai bataliya ta 5 da ta 7 da ta 8 na Gwalkwas, wato Gana ta yau, sai ta 6 wadda ta haɗa bataliya ta 4 ta Najeriya da ta 1 ta Gambiya da ta 1 ta Saliyo. An ɗebi kurata da yawa daga Arewa ta hannun sarakuna da hakimai, kuma Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Najeriya, haka ma ta yi ƙarfi a na Gwalkwas da ke ɗaukar mutanen arewacin ƙasar.

Inda Runduna ta 3 ke da motoci, ta 81 tana da 'yan dako. An tsara su rukuni-rukuni na musamman, sojoji ne masu lamba da albashi da kaki, amma akasarinsu adda kawai suke riƙe da ita, ba bindiga. Su ke ɗaukar harsashi da abinci da rediyo da batir da magani a ka, su sare daji, su haƙa rami, su ɗauko mai rauni a makara. Igwa 72 kuwa babu zancenta. Abin da ke akwai 'yan ƙananan igwogin dutse ne masu bakin inci 3.7, waɗanda ake kwancewa gunduwa-gunduwa a ɗauka, nisansu bai kai rabin na mai laba 25 ba, sai ƙananan masu bakin turmi na inci 3. Babu tanka. Ko rejimantinta ta leƙen asiri an ware ta a zagayen farko na yaƙin Kaladan an tura ta bakin teku, an ba Woolner wata bataliyar 'yan leƙe daga Afirka ta Gabas a madadinta.

Tun kafin ta taka ƙasar Boma ma an yanke mata hannu ɗaya. Da ta isa Indiya a rabin ƙarshe na 1943, aka cire birged ta 3, ta 'yan Najeriya zalla, aka ba Manjo Janar Orde Wingate don mayaƙansa masu kutsawa bayan abokan gaba da ake kira Chindit. A Maris da Afrilu 1944 jirage suka sauke su can bayan layin Japan, suka tsare sansanonin da aka laƙaba wa Aberdeen da White City. Don haka da birged biyu kacal ta 81 ta shiga Kaladan, bataliya shida maimakon tara. Wannan babban abu ne a wurin mai nazarin tsari, domin hikimar uku-uku ita ce biyu su yi gaba, ɗaya ta zauna a ajiye don ranar tsiya. Janar mai birged biyu ba shi da ajiya.

Aikin da aka ba ta shi ne ta tsare gefen hagu na gamayyar rundunoni ta 15, ƙarƙashin Laftanar Janar Philip Christison, wadda ke gangarawa gaɓar Arakan, a yammacin Boma, tana neman tsibirin Akyab. Tsakanin inda mota ke tsayawa da kogin Kaladan akwai jerin duwatsu lulluɓe da kurmin gora. Da adda da diga da shebur suka fasa hanyar jif mai tsawon kusan mil 75 cikin 'yan makonni, aka sa mata sunan Afirka ta Yamma. Da suka nausa kudu suka bar hanyar a baya, sai abinci da harsashi suka koma zuwa ta sama, jiragen Dakota suna jefo su da lema. Ita ce babbar runduna ta farko da aka ciyar ta jirgin sama kacokan, wata da watanni. Masu rauni kuma ƙananan jirage ke kwashewa daga filayen da sojojin suka share da hannu. Wannan dabara ta kai da jirgi ita ce ta ba su damar bin tudu da kwazazzabo su ɓullo inda Japan ba ta zata ba.

Zagayen farko bai ƙare da daɗi ba. Sun gangara har Kyauktaw a ƙarshen Fabrairu 1944, sai Japan ta zagayo ta gabas a farkon Maris ta ƙwace tudun Pagoda da ke kallon garin da kogin, rundunar ta ja da baya. Janar William Slim, babban kwamandan da ke saman Christison, bai ji daɗi ba, kuma a Agusta aka canja Woolner da Manjo Janar Frederick Loftus-Tottenham. Bayan damina suka sake shiga kwarin, wannan karon suna bin kan tuddai, har suka haɗu da 'yar'uwarsu Runduna ta 82 suka kama Myohaung, tsohon babban birnin Arakan, a ƙarshen Janairu 1945. Sojojin Gana har yau suna bikin tunawa da wannan rana.

A nan ne nake ganin ɗalibi zai sami abin cewa na kansa. Shin koma-bayan Kyauktaw laifin sojojin ne, ko na janar ɗinsu, ko na waɗanda suka tura birged biyu marasa igwa, marasa ajiya, suna ta sauya musu umarni daga nesa? Hafsoshin da suka yi yaƙin sun yi ta musu da hukuncin Slim har tsufansu. Shi kansa Slim ya lura da wani abu da ya dace a bi diddiginsa: bataliyar Afirka ta Yamma cike take da hafsoshi da sajan-sajan Turawa, ninkin abin da ke bataliyar Indiya, har hakan ya hana saje da samanja baƙar fata sabawa da yanke shawara da kansu. Hafsoshin sun fito daga Birtaniya da Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, har da 'yan Folan, da yawansu kuma ba sa jin Hausa. Ɗan Afirka da ya sami cikakken muƙamin hafsa a cikinsu tun 1942 shi ne Seth Anthony na Gwalkwas, wanda ya kai manjo. Tambayar wa ke ba da umarni, da wane harshe, wa kuma ke riƙe rukuni in Bature ya faɗi, tambaya ce ta tsarin runduna tsantsa, kuma ba za ka same ta a Runduna ta 3 ba.

To, yaya za ka zaɓa?

Ta fuskar kayan aiki, ta 3 ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. An yi rubutu a kan Nomandi har ya yi yawa, taswirori suna intanet, kowace bataliya tana da tarihinta a buge. Kundin yaƙi na kullum-kullum da kowace bataliya ta rubuta yana ajiye a gidan adana takardu na Birtaniya da ke Kew a Landan, na Turai a jerin WO 171. Matsalar ita ce duk abin da za ka faɗa wani ya riga ka, kuma ya fi ka kusa da takardun. Daga Zariya ko Kano ko Sakkwato, abin da za ka iya shi ne taƙaita aikin wasu. In burinka fahimtar yadda igwa da tanka da sojan ƙafa ke aiki tare ne, ko kana shirin shiga makarantar hafsoshi ta Kaduna ko ta Jaji, wannan ba aibu ba ne, ta 3 ce makarantarka, domin ita ce cikakken samfurin da sauran suke kwaikwayo ko suke kaucewa.

Ta 81 ta fi wuya. Littattafan da aka yi a kanta ana ƙirga su da yatsu, kundin yaƙinta yana Kew shi ma, a jerin WO 172, na lokacin da take gida kuma a WO 173, kuma Turawa ne suka rubuta shi, sau da yawa ba a ambaton sunan sojan da ya yi abin. Amma rabin labarin yana wajenmu. Takardun ɗaukar kurata na larduna suna gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a Janairu 1939, ta bi yaƙin da Hausa. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta sa sunayen mamatan a intanet, da lambarsu da bataliyarsu da ranar rasuwa, da yawa an zana su a bangon tunawa na Taukkyan kusa da Rangun. A gidaje kuma akwai littafin sallama da lambobin yabo da hotuna, da 'ya'yan da suka ji labarin Boma daga bakin iyayensu. Su kansu tsofaffin kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, 'ya'yansu ma sun manyanta. Wannan aiki ne da ɗan Landan ba zai iya yi ba, kai kuwa za ka iya.

Ni dai ta 81 zan ce ka ɗauka, da sharaɗi ɗaya: babinka na farko ya zama na tsarin Runduna irin ta 3, da lissafinta na mutane da igwa da motoci. In ba ka nuna abin da cikakkiyar runduna take da shi ba, mai karatu ba zai gane girman abin da aka hana ta 81 ba, ba kuma zai gane girman abin da ta yi da kai da adda ba. Ka kuma kiyaye kada son kai ya ja ka ka mai da aikin kirari. Kyauktaw koma-baya ce, ka rubuta ta a haka, sannan ka bi dalilanta.

Sai wani gargaɗi ga wanda sojojin Najeriya ne takamaimai suka dame shi. A cikin Kaladan bataliyar Najeriya ɗaya ce tak, ta 4. In yawan 'yan gida kake nema, Runduna ta 82 ce ta fi dacewa da kai. An kafa ta a Agusta 1943 bisa tsari iri ɗaya, alamarta ma mashi biyu ne gicciye a kan gammo, girmamawa ga 'yan dako. Bataliyoyin Najeriya shida ne a cikinta, wasunsu tsofaffin hannu da suka yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha suka shiga Mogadishu a Fabrairu 1941. Ta shiga fage da birged ukunta cif, ƙarƙashin George Bruce sannan Hugh Stockwell daga Janairu 1945, ta ci gaba da faɗa kudu da Myohaung har damina ta sauka. Wuraren da ta bi ne suka zama sunayen barikokinmu: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Tamandu da An da Dodan a Legas, kamar yadda barikin Chindit na Zariya ke tuna birged ta 3. Sojojin Najeriya na yau ma sun riƙe lambobin biyu, ta 81 a Legas, ta 82 a Inugu. Abin da ta 82 ba za ta ba ka ba shi ne gwajin farko na ciyarwa ta sama da muhawarar birged biyu.

In kuwa kakanka ne ya ja ka zuwa wannan fanni, zaɓin ba a hannunka yake ba, yana cikin littafin sallamarsa. Duba lambar bataliyar Rejimantin Najeriya da aka rubuta. In 4 ce, Kaladan ya je tare da ta 81. In 6 ce ko 7 ko 12, yana cikin waɗanda aka ba Wingate. In 1 ce ko 2 ko 3 ko 5 ko 9 ko 10, to ta 82 za ka bi.